Takalmi Ɗaya a Bakin Ƙofa

Jiya da la'asar ina zaune ina tsince wake, sai na ji wata murya ta fito daga wayar jikata. Muryar mace ce, siririya, tana magana da sauri kamar ana zuba tsakuwa a kwano, can kuma sai ta ja numfashi ta yi shiru. Farantin waken ya kusa suɓuce mini. Na tambaye ta wane yare ne wannan, ta ce na mutanen Japan ne, zanen nan ne mai motsi da samari da 'yan mata suke kallo yanzu. Na ce mata na san shi tun uwarta ba ta iya ɗaura zane ba. Ta yi dariya, tana zaton zolaya ce. Da ta ga ina hawaye sai ta kashe wayar. Ni ban yi karatu ba, ita ce take rubuta muku wannan, kuma na ce kada ta gyara mini komai.

Gidanmu yana bayan layin dogo a nan Kafanchan. Maigidana, Allah ya ji ƙansa, gyaran rediyo da talabijin yake yi a kasuwa. Muna zaune da mahaifiyarsa, muna kiranta Inna, kuma duk unguwar babu wanda ya kai ta iya tatsuniya. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wata mata 'yar garin Madakiya, Kirista, mai sayar da citta, muna ce mata Maman 'Yan Biyu. Ita ta riƙe mini baya a haihuwata ta fari, ita ta fara ɗaukar yaron kafin kowa.

Yaron nan shi ne maganar. Ku yaran yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba. A yadda aka rene mu, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tare masa faɗa. Ana yaye shi aka miƙa wa Inna, a ɗakinta ya girma. In zan ba shi abinci sai in ce wa ƙanwarsa ta kai wa wancan. Ban taɓa jin nauyin wannan al'ada ba sai shekarar da gari ya kama da wuta, wadda yara suka ce mini tamanin da bakwai ce.

Ba zan ba ku labarin tashin hankalin ba, kowa ya san nasa. Abin da ya shafe ni shi ne an ƙona gidan Maman 'Yan Biyu, har da ɗakin da ta tara cittar shekara. Kwana da kwanaki unguwar tana warin ƙonanniyar citta, yana shiga ido, yana shiga tuwo. Kuma mutane sun ga wancan a cikin samarin da suka yi aikin, da galan a hannunsa. Lokacin gemu bai gama fito masa ba. Ubansa ya kira shi tsakar gida, bai ɗaga murya ba, ya ce kada ya sake taka ƙofar gidan nan. Ina bakin murhu da muciya a hannu. Inna tana zaune a kan tabarma. In da mai magana a wurin, ita ce, domin ɗanta ne a al'ada, amma ta juya fuska bango. Ni kuwa ba ni da bakin. Na ci gaba da tuƙa tuwon har ya fita.

Maigida ya share ɗakin da ke kusa da zaure, ya ce Maman 'Yan Biyu da yaranta su zauna kafin su sake gini, mijinta kuma ya koma gona a ƙauye. Haka damina ta same mu, gida ɗaya, murhu biyu, kowa yana taka-tsantsan da kowa.

Daminar Kafanchan kun san ta, in ta fara zuba sai yara su wuni a ɗaka suna faɗa. Akwai wata na'urar bidiyo da wani malami mai koyarwa a kwalejin garin Gidan Waya ya kawo gyara kafin rikicin, tare da kwali cike da kaset da ya zo da su daga ƙasar waje. Bai sake dawowa ba. Maigida ya kawo su gida ajiya. Wata rana da aka kawo wuta bayan azahar, ya haɗa na'urar da talabijin don yara su yi shiru. Sai ga mutanen zane, idanu dara-dara kamar faranti, hanci ɗan tsito, gashi shuɗi da kore. Suna magana ba wanda yake ji, ko Turanci babu.

Inna ce ta ceci abin. Ta ɗan kalla, ta gyara zama, ta fara saka musu magana a baki da Hausa. In wani tsoho mai kamun kifi ya buɗe baki, sai ta ce cewa yake yi matarsa ta cika gishiri a miya. In suka sunkuya suna gaisuwa, sai ta ce wannan neman rance ya zo. Yara su yi ta birgima. Maman 'Yan Biyu, wadda tun wutar ba mu ga haƙoranta ba, ta leƙo ta tsaya a ƙofa, washegari ta shigo da kujerarta. Da Inna ta lura suna cire takalmi kafin su shiga ɗaki, sai ta ce ko ba komai iyayensu sun yi musu tarbiyya.

Labarin na wani ƙauyen masunta ne a bakin teku. Wani saurayi mai farin gashi kamar na tsoho ya jagoranci mahara suka ƙone ƙauyen. Daga baya muka gane ɗan ƙauyen ne, kuma yarinyar da take bin sawunsa da ɗan kwale-kwale ƙanwarsa ce. Ranar da aka nuna wutar ba wanda ya yi dariya, amma ba wanda ya tashi. Inna ta raɗa wa saurayin suna Kura, ta ce ku bari ku gani, kafin magariba zai faɗa rami.

Bai faɗa ba. Kaset ya ƙare, aka sa wani, sati ya zagayo, yana nan. Maimakon rami sai suka fara nuna mana shi yana ƙarami, uwarsa tana taje masa kai da wani matajin katako. Suka nuna matajin yana cikin rigarsa har yanzu. Suka nuna shi a kan dutse shi kaɗai, an ba shi abinci ya kasa ci. Abin da ya fi kama ni, mutanen nan ba sa gaggawa. Sai su bar fuskarsa a gabanka, ba magana, ba kiɗa, sai ɗigon ruwa daga rufi, har ka rasa inda za ka sa idonka. A irin wurin nan Inna ba ta da abin sakawa a bakinsa, sai ta yi tsaki.

A ganinta mutanen Japan ba su iya labari ba. Ta ce labari ana buɗe shi ne a rufe shi a zama ɗaya, a hukunta mai laifi, yara su kwanta da sanin inda duniya ta dosa. Ta ce tun tana yarinya take jin tatsuniyar kura, ba ta taɓa jin an ambaci uwar kura ba.

"Mugu ba a yi masa uwa," in ji ta. "In ka yi masa uwa, da wane hannu za ka jefa shi a ramin?"

Maman 'Yan Biyu tana ɓare gyaɗa. Hausarta irin ta mutanen ƙauyensu ce, amma ba ta taɓa ɓatar da abin da take nufi ba. Ta ce ita ba uwar ce ta dame ta ba, kowa yana da uwa.

"Inna, sun nuna mamanshi, sun nuna kukanshi. To wannan tsoho mai kifi fa? Tun da wuta ya ci gidanshi ba su sake nuna shi ba. Ina yana kwana? Wa ya ba shi langa-langa ya rufa ɗaki?"

Maigida yana can gefe da kaset a hannu yana naɗe zaren da yatsa, kansa a sunkuye. Ni kuwa ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce ai ga shi ba ya iya cin abinci, da ma ƙanwar ta cim masa ta ce ya dawo, ko ginin ne sai a sa shi ya yi da hannunsa. Har yara suka juyo. Kowa ya san ba maganar mai farin gashi nake yi ba. Inna ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, zane ne fa." Na ce na sani, Inna. Iyakar roƙon da na taɓa yi wa ɗana ke nan a duniya, kuma da sunan zane na yi shi.

Daga ranar na daina kallo don nishaɗi. In an ɗauke wuta sai in ji kamar an tsayar da shari'a. Na sa a raina in mutanen nan suka mai da shi gida, in uwar ta buɗe masa ƙofa a gaban maigida da Inna da Maman 'Yan Biyu, to an faɗa mini abin da ba zan iya faɗa ba. Wauta ce, na sani, amma wadda ba ta da wata hanya ba ta raina ko wace iri.

Kaset na ƙasan kwalin muka sa ranar wata Lahadi, bayan Maman 'Yan Biyu ta dawo daga coci. Ƙanwar ta same shi, sun yi faɗa, sun yi kuka. Sai ga shi yana hawa tudu cikin ruwan sama, ga gidan uwar da fitila a ciki. Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya sunkuya ya cire takalmi ɗaya. Ya kai hannu ga ɗayan, sai ya tsaya, suka nuna inuwar tsohuwar ta motsa a bayan ƙofar takarda. Daga nan rubutu ya hau, waƙa ta tashi, allon ya koma yayyafi. Maigida ya zazzage kwalin, ya duba ƙarƙashin gado, ya koma shago ya duba. Akwai ci gaba, amma ba ya cikin abin da malamin ya bari.

Inna ta ce ga irinta nan, an bar labari a buɗe. Yara suka roƙe ta ta ƙarasa musu da baki, ita da ba ta taɓa ƙin ba da labari ba. Sai ta ce kanta yana ciwo. A daren 'yata, ƙanwar wancan, ta ce ta ga Inna ta fito da tsohuwar hularsa tana shinshinawa.

Da kaka ta yi, maigida ya ce zai je Kaduna neman ragowar kaset ɗin, wai bai dace a bar yara da rabin labari ba. Ya hau jirgin ƙasa, ya kwana biyu, ya dawo. Ina miƙa masa ruwa ya ce, "Ban samu ba." Na ce Allah ya sa a dace gaba. Bayan wata biyu ya tafi Jos. Ya je garin Lafiya, ya je Zariya, har Legas ya je sau ɗaya. Yara sun daɗe da mantawa da mai farin gashi, na'urar ma ta lalace ya cire kayan cikinta ya gyara wasu, amma bai daina tafiya neman kaset ba. Wani ɗan unguwarmu direba ya ce ya gan shi a tashar mota a Jos yana bin masu lodi ɗaya bayan ɗaya yana duba fuskokinsu. Ban taɓa tambayarsa ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Kullum maganar ɗaya ce, bai samu ba.

Maman 'Yan Biyu ta gama gininta ta koma. Ranar da take kwashe kaya ta kama hannuna ta ce ita ba ta manta ba, kuma ba za ta ce ta manta ba, amma tana sa yaron a addu'a saboda ita ta yanke masa cibi. Inna ta rasu bayan shekara huɗu, da hular a ƙarƙashin matashinta. Maigida ya bi ta lokacin da jirgin ƙasa ya fara yin wuyar gani a tasharmu. A ciwonsa na ƙarshe ya ce in bar ƙofar zaure a sakaye kawai, kada a sa sakata. Bai ce don wa ba.

Jikata ta ce yanzu babu abin da ba a samu a waya, in na faɗi sunan fim ɗin za ta nemo mini ƙarshensa. Ina zan san sunan? Rubutun jikin kaset ɗin kamar sawun kaji yake, ko maigida bai iya karanta shi ba. Ta yi ta nuna mini samari masu farin gashi, sun fi a ƙirga, kowanne da takobinsa da manyan idanu. Babu shi a ciki. Ta ce ita abin da take so a labaran Japan ke nan, ba sa yin mugu zalla, kowa da dalilinsa. Na ce haka ne, sun san mutum. Amma Maman 'Yan Biyu ma ta yi gaskiya, Inna ma ta yi gaskiya, mai ba da labari in ya sa ka so wanda bai kamata ba, to kada ya tafi ya bar ka da shi.

Yanzu iyaye mata suna kiran 'ya'yansu na fari da suna, suna rungume su a tsakiyar titi. Da ina ganin rashin kunya ne, yanzu kallonsu kawai nake yi. In ɗana yana raye ya yi furfura, gashinsa ya zama fari kamar na saurayin zanen. Duk damina in ruwa ya sauko da la'asar sai in ga ƙofar nan, yana tsaye da takalmi ɗaya a ƙafa, ruwa yana dukansa. Tsohuwar da ke bayan ƙofar ta motsa, na gani da idona. Abin da ban sani ba shi ne ko an bar ta ta yi magana.