Baturen da Ya Zana Ni Ina Shayarwa

Har yau idan na sauka daga jirgin ƙasa a unguwar Bukit Bintang sai gabana ya faɗi, kuma wani tsohon Bature ɗan Italiya ne ya jawo min. Yana da ɗan shago a bakin hanya inda yake zanen mutane: mai soya taliya, direban tasi yana gyangyaɗi, 'yan mata a layin sayen abinci. Ba ya tambayar kowa. Sai ya zauna, farcensa duk fenti, ya ƙura maka ido kamar mai taya akuya.

Maƙwabciyata a Wangsa Maju, unguwar da muke zaune tunda maigida ya zo karatu ƙasar waje, ita ce ta ƙwanƙwasa min ƙofa tana dariya. "Ƙanwata, ashe talla kika koma? Na gan ki a rataye a shagon Baturen nan, ke da 'yarki."

Ban jira maigida ya dawo daga makaranta ba. Na goya yarinya na fita.

Ni ce kuwa. Wata rana ce na zauna a benci ina ba ta nono, hijabina ya zame ban sani ba. Ga wuyana, ga kafaɗata, har kitson gefen kunnena bai bari ba. Kuma ta nan abokan karatun maigida suke bi da matansu duk Asabar.

Turancina kaɗan ne. Na nuna zanen na ce da yaren 'yan ƙasar, "Tak boleh!" wato ba a yarda ba. "Sauke shi!" Ya washe baki, ya dafa ƙirji, ya yi ta zuba. Abin da na tsinta, wai a ƙasarsu babu zanen da ya kai na uwa da jariri daraja. To ina ruwana da ƙasarsu? Ya je ya zana uwarsa mana.

Da ya ƙi saukewa, sai na tsaya a gaban zanen na baza hijabina na kāre shi. Yarinya ta tsala kuka, masu kallon kayansa suka fara watsewa. Daga ƙarshe ya ɗauko burushi yana ƙunƙuni da yarensu. Na san zagi ne, na rama da Hausa. Ya ja hijabin zanen har haɓa. Na nuna kitson, ya shafe shi ma, fuskarsa ta yi jajir.

Ban gode masa ba. Sati biyu wuyana yana rataye a bakin titi, kuma har yau ban san wa ya gani ya yi shiru ba.