Takardar da Anti Allura Ta Cike

Shekara ashirin da biyu Anti Allura ta yi tana aikin nas a sashen yara. Yaran ne suka raɗa mata sunan, duk da hannunta sanyi gare shi. Kafin yaro ya tsala ihu ta riga ta danna masa auduga, tana tambayarsa ko ɓera ne ya yi masa wannan askin.

Abu ɗaya ne ba ta wasa da shi: ko mura ce ta kawo yaro, sai ta ɗaga rigarsa ta duba. Ƙa'idar aiki ta ce duk wanda ya ga alamar an cuci yaro ya rubuta wa jami'ar walwalar yara. Wasu abokan aikinta kau da kai suke yi, su ce ba a shiga tsakanin uba da ɗansa. Ita kam ba ta iyawa.

Wata Talata wani tela ya kawo 'yarsa mai shekara huɗu, haɓo ya ƙi tsayawa. Ta ɗaga rigar, ta ga baya da cinyoyi duk jini ya kwanta.

"Malam, me ya same ta?"

"Wallahi Sista, haka muke wayar gari mu gani."

Ta sha jin wannan amsar. Ta daɗe da biro a hannu, tana kallon yadda yarinyar ta ƙanƙame wuyan uban. Duk da haka ta cike takardar.

Aka kwantar da yarinyar. Jami'a ta je gida da shago tana tambayoyi, maƙwabta suka fara nuna tela da baki. Bayan kwana tara sakamakon gwaji ya fito: ciwo ne a jininta, ko ƙofa ta buge ta sai jini ya kwanta. Ba wanda ya taɓa ta.

Da Anti Allura ta tashi aiki, shagon ta nufa. Tela bai ɗago daga keken ɗinki ba.

"Na zo ba ka haƙuri ne. Na ja maka zargi."

"Kin san mutum nawa suka zo suka kwashe yadinsu?"

Ya tsayar da keken, ya sake jefo mata tambaya.

"Gobe in kin ga wata haka fa?"

"Zan rubuta, Malam. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Ya daɗe yana zura zare. Bai ce ya yafe ba. Ya dai turo mata kujera da ƙafa, ya tambaye ta yadda ake ba da sabon maganin.

Har ta yi ritaya, duk wata shi yake kawo yarinyar da kansa, kuma layinta yake bi. Maganarsu ba ta wuce gaisuwa da ya mai jiki.