Sabi'u na kwance bakin titi, kuna ɗaukar sa bidiyo

Da safen nan labarin ya same ni, kuma ta hanyar da har yanzu na kasa haɗiyewa.

Na buɗe shagona a Ikara ke nan, ko tsintsiya ban ɗauka ba, na duba waya. A gurup ɗin 'yan makarantarmu wani ya turo bidiyo, ya rubuta a ƙasa wai haɗari a hanyar Maƙarfi, Allah ya kiyaye. Na danna kamar yadda kowa ke dannawa. Mutum kwance a gefen titi, babur can cikin gonar rake, jama'a sun kewaye shi. Mai ɗaukar ya matso da waya har kan fuskarsa.

Malam Sabi'u ne.

Da ransa a bidiyon nan. Yana motsa hannu, bakinsa yana motsi. A kewaye da shi wayoyi ne a sama, kowa yana neman inda zai fi ɗaukowa da kyau.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Sabi'u mutumin Dandamisa ne, yana da rumfar gyaran kwamfuta a cikin garin Maƙarfi. Ni kuma Rahila, 'yar Furana, ɗaukar hoto da bidiyon biki ne sana'ata. Shi Musulmi, ni Kirista, kuma ban taɓa jin wannan ya shiga tsakaninmu ba. Idan aka kira salla sai ya bar ni da rumfar da duk kayan mutane da ke ciki ya tafi masallaci.

Shi ne mutumin da ya sa ni haɗa kwamfutata da hannuna.

A da, in na ɗauko biki sai na tafi Zariya, in zauna a shagon wani in jira layi kafin a yi mini editin. Da na gaji na je wurinsa in tambaye shi wace tsohuwar kwamfuta zan saya. Ya ce kada in sayi ko ɗaya, in sayo kaya ɗai-ɗai mu haɗa. Ya gaya mini abin da zan nema a Kano, na je na kawo. Na ɗauka shi zai haɗa. Sai ya miƙo mini sukudireba, ya ja benci gefe, ya zauna yana shan rakensa.

Na ce ina tsoro kada in ƙona wani abu. Ya ce:

"Wanda ya haɗa abu da hannunsa ba a yi masa ƙarya a kansa. Ɗaura."

Masu zaman hira a bakin rumfar suna ta dariya, wai mace da sukudireba. Bai ɗaga murya ba, ya dai ce musu duk wanda ya iya ya zo ya karɓa. Ba wanda ya tashi. Ranar da fankar ta juya, allo ya kawo haske, tun daga nan bai sake kira na da sunana ba. Injiniya yake ce mini, har matarsa Zulai ta ɗauka.

Lokacin da babana ya kwanta ciwo a Furana da damina, hanya ta lalace, 'yan acaɓa suka ƙi shiga, shi ya rufe rumfarsa ya zo ya kai ni. Muka isa a jiƙe sharkaf da laka har gwiwa. Mamana ta ba shi masara gasasshiya, ya ci, ya gaishe da mara lafiya, ya juya. Bai taɓa tayar da zancen ba.

Bana aiki ya ƙaru, na canza kyamara, bidiyon ya yi wa kwamfutar nauyi. Sai na ƙara mata ram, wato ma'ajiyar da take riƙe aikin da ke hannunta, na sa mata sabon katin bidiyo, wanda ke ɗaukar nauyin hoto mai motsi. Ni na ɗaura su da kaina, ina ta jin daɗi.

Daga nan ta fara mutuwa.

Ba ta da lokaci. Wata rana ta yi aiki tun safe har azahar lafiya lau. Wata rana ina tsakiyar haɗa bidiyo sai allo ya yi shuɗi, wata rana ko shuɗin babu, ta ɗauke ɗif ta sake tashi da kanta, aikin da na yi ya tafi. Ga bikin wasu mutanen Kudan a hannuna, uwar amarya tana kira tana tambaya, amarya za ta bi mijinta wani gari tana so ta tafi da bidiyonta. A sana'armu in aka ce wance ta ɓatar da bikin mutane, an gama da ke.

Masu shawara ba su bar ni ba. Wannan ya ce bairos ne, wancan ya ce in yi fomat kawai, wani ya ce kayan jabu aka sayar mini. Wata a cocinmu ma cewa ta yi in kira fasto ya ɗora mata hannu. Da na gaya wa Malam Sabi'u ya yi dariya, ya ce addu'a ba ta ɓaci, amma mu fara duba ram tukuna.

Dokarsa ɗaya ce: abu ɗaya ake taɓawa a lokaci guda. Ya ce in ka canza abu biyu tare, ko ta warke ba ka san wanne ya warkar da ita ba, gobe kuma ciwon ya dawo ka koma farko. Ta waya muka fara. Na cire sabon ram na bar tsohon, ta mutu. Na cire tsohon na bar sabon, ta mutu. Na canza musu rami. Na hure ƙura, na duba fankoki ko zafi ne. Na sake zuba mata manhajar katin. Na raba ta da wutar gari na sa ta a janareta ko ƙarancin wuta ne. Kowace rana zai kira ya tambaya me nake yi daidai lokacin da ta ɗauke. In na ce ban lura ba, sai ya ce to gobe in lura. Wani lokaci har haushinsa nake ji don rashin gaggawarsa.

Asabar ɗin da ta wuce ya zo da kansa. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Ya zauna a kujerar da nake zaunar da amare, ya sa na cire sabon katin gaba ɗaya. Muka ba ta aiki, ta yi ta tafiya a hankali kamar jakin da ya gaji, amma ba ta mutu ba. Ya sa na mayar, muka ɗora mata bidiyon Kudan, ba a jima ba ta ɗauke. Ya ɗora tafin hannunsa a kan fawa-fak, akwatin ƙarfen nan da ke raba wa sauran kayan wuta. Ya ce yana jin shi ne, an haɗa shi da kayan da suka fi ƙarfinsa, in katin ya nemi wuta da yawa sai ya kasa.

Na ce to gobe in tafi Kano in sayo babba. Ya girgiza kai.

"Zato ne, Injiniya. Ba na sa mutum sayen kaya a kan zato. Zan ciro nawa in kawo mu gwada."

Nasa, na kwamfutar da yake aiki da ita a rumfa. Na ce to shi fa? Ya ce yini ɗaya ba zai kashe shi ba. Na sayo masa zoɓo, ya sha rabi, ya ce ya yi zaƙi da yawa, ya tafi don ya samu la'asar a hanya.

Jiya bayan azahar ya kira, ya ce ya ciro, yana cikin jakarsa, in ya yi la'asar zai taso. Na jira har na rufe shago. Na kira wayar ta yi ƙara ba a ɗauka ba, na sake kira aka ce a kashe take. Na ɗauka caji ne ya ƙare.

Yau na je Dandamisa, na tarar har an kai shi makwancinsa. Yayansa, Malam Haruna, shi ya ba ni labarin yadda ya tattaro daga bakin mutane. Wata babbar mota ce ɗauke da rake ta kauce wa rami ta shigo hannunsa. Direban bai tsaya ba. Jama'a suka taru, motoci suna rage gudu a leƙa a wuce, kowa wai yana tsoron a riƙe shi shaida. Wata Bafulatana mai tallar nono ce kaɗai ta sauke ƙwaryarta, ta cire mayafinta ta ɗaure masa ƙafa inda jini ke zuba. Daga baya wani dattijo mai a-kori-kura ya sauke buhunansa a bakin hanya ya ɗauke shi. Asibitin da suka fara zuwa ba likita, aka ce su wuce Zariya. Kafin su kai, rai ya yi halinsa.

Ban san ko da an ɗauke shi da wuri zai rayu ba. Ni ba likita ba ce. Amma na san tsawon bidiyon nan, kuma na san duk tsawonsa ba wanda ya ajiye waya ya tare mota.

Malam Haruna ya ce ba a ga jakarsa ba, ba a ga wayarsa ba. Da na ji haka na daure na sake kallon bidiyon, tunda kallon bidiyo aikina ne. A farko jakar tana nan a gefensa. Mai ɗauka ya juya ya nuna babur ɗin a cikin rake, ya dawo, babu jaka.

Kai da ka ɗauka, ban san ka ba, amma ka ji. Mutumin yana numfashi ka miƙa hannu. Ni ce na kira wayar nan tana hannunka, ka kashe. Da ka ɗaga ka ce mai wayar ya yi haɗari, da 'yan'uwansa sun iso. Jakar kuma ka buɗe ka ga wani akwatin ƙarfe da wayoyi sun fito masa, ko sunansa ba ka sani ba. A kan wannan ka sayar da mutuncinka.

Saboda an ɗauke wayar, ba wanda ya kira gida. Zulai ta ajiye masa tuwo tana jira. A wayar maƙwabciyarta ta gani, a sitatus ɗin wani, kamar yadda na gani. Rigar da ta goge masa da safe ta fara ganewa.

Ku da kuka tura, ku ma kuna ciki. Kada wani ya ce mini wai don a gane shi ne, ko wai don a yi wa'azi. Don a gane mutum ba sai an nuna jininsa ba. Na ga wasu ma sun yanko hoton fuskarsa daga cikin bidiyon sun liƙa, sun rubuta Allah ya jiƙan rai a ƙasa da alamar kuka. Mutumin da ya ceto muku hotunan aurenku daga matattun kwamfutoci, da wannan hoton za ku tuna shi? Ina da hotunansa masu kyau da yawa. Ga ɗaya nan na sa, da sukudireba a bakinsa yana hararar kyamara. Mai so ya ɗauki wannan.

Na shiga wurin mata na zauna kusa da Zulai. Ina tsoron haɗa ido da ita, don wurina zai zo. Ita ta kamo hannuna. Ta ce ya gaya mata zai je wurin Injiniya ba zai daɗe ba, ta ce kada in sa wa raina komai, kwana ne ya ƙare.

Na yarda kwana ne ya ƙare. Amma ƙarewar kwana ba ta wanke direban da ya gudu ba, ba ta wanke ɓarawon jaka ba, ba ta wanke masu waya a sama ba.

Kwamfutar tana nan kan tebur, cikinta a buɗe yadda muka bar ta. Ko zatonsa daidai ne, ban sani ba tukuna. Na kira uwar amaryar Kudan na gaya mata, ta ce in bar zancen bidiyo sai na samu kaina. Zan cire katin in gama musu a hankali.

Da zan fito na durƙusa na gaishe da babansa a zaure. Tsoho ne, ba ya riƙe babbar waya, amma an gaya masa abin da ke yawo. Da ya ji sana'ata sai ya tambaye ni ko akwai yadda za a yi a janye shi daga hannun mutane. Na ce sai dai kowa ya goge nasa. Sai ya ce:

"To ki roƙar mini su, 'yata. Yaransa za su girma, su ma za su riƙe waya."

Na isar da saƙon Baba.

Allah ya jiƙan Malam Sabi'u, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba Zulai da Baba da Malam Haruna haƙuri, ya raya yaran nan ya tsare musu idanunsu. Bafulatanar nan da dattijo mai a-kori-kura, ban san sunayenku ba, Allah ya sani, ya saka muku.

Kai da ka karanta har nan, ko a masallaci kake addu'a ko a coci, ka sa shi a ciki yau. Sunansa Sabi'u.