Hanzala Ɗan Sha Bakwai

Taubashina Hanzala, ɗan Goggo Kande, tun kafin keke mai ƙafa uku ya shigo unguwarmu ta Sabo yake ɗan shekara sha bakwai, har yau bai motsa ba. Ƙwallo ce ta daskarar da shi. Wani ya raɗa masa cewa Turawa ba sa sayen ɗan wasan da ya kai sha takwas, ga shi Allah ya yi shi guntu, gemu kuma ya ƙi leƙowa ko gaisuwa. In Goggo ta faɗi shekarar haihuwarsa, sai ya ce tsufa ne ya fara taɓa ta.

Turawa ba su zo ba, amarya Mairo ta zo, 'ya'ya biyu suka biyo baya. Ya samu dakon buhu a wani sito mai tura kashu ƙasar waje. Buhun nan shi ne tuwon gidan.

Rannan masu sayen kashun suka aiko Baturiya ta duba ko ana sa yara aiki, don dokarsu ta hana sayen abin da yaro ya ɗauka. Gogan yana hango oyinbo ya ce ranarsa ta zo. Ya yar da buhu, ya hau ɗaga lemo da ƙafa.

Ta ce, "Shekarunka nawa?"

"Sha bakwai, madam! Lamba tara nake bugawa."

"Tun yaushe kake aiki a nan?"

"Shekara shida."

Wallahi har can unguwar Mokola an ji faɗuwar gaban manajan siton. Baturiya ta share hawaye. Kafin la'asar an ceto Hanzala daga bauta: aka sallame shi, aka rataya masa jakar makaranta, aka ɗauki hoto yana washe baki, a zatonsa na biza ne.

Washegari ya jawo Goggo siton ta yi shaidar shekarunsa na gaskiya. Ta ce, "Au, yau hankalina ya dawo?" Manaja ya ce, "Abeg, Mama, an riga an gaya wa duniya mun ceto yaro. In ya girma yanzu, kwangila ta tafi."

Yanzu awarar Mairo ce ke riƙe da gidan. Jiya na ji tana cewa, "Baban Anwar, kai wannan bokitin bakin masallaci."

Ya ce, "Doka ta hana sa yaro aiki."

Ta ce, "Madalla. Daga yau kwanonka ɗaya da Anwar."