Duba-garin Cikin Jikina

Ina cikin wanka da hantsi, bayan na dawo daga korar tsuntsayen jan-baki a gonar shinkafarmu ta fadama, hannuna ya bi ta kan nonon hagu ya ci karo da wani abu kamar ƙwayar gurjiya. Na danna, ya zille. Na sake dannawa, ya sake zillewa. Sabulu na shiga idona amma ko zafinsa ban ji ba. Shekarar da na gama sakandare ke nan, ba a daɗe da ba mu jiha ba, kuma abin da aka koya mana a makaranta ya isa tsorata mutum, bai isa kwantar masa da hankali ba.

Inna na gaya wa, na roƙe ta ta rufa mini asiri. Ta kuwa rufa, don Gwaggo, yayar Baba, kaɗai ta gaya wa. Kafin la'asar matan layinmu sun fara shigowa yi mini sannu da irin muryar zaman makoki.

Gwaggo ta taɓa wurin, ta yi salati. "Daji ne," in ji ta. "Kuma kowa ya sani daji ba ya son ƙarfe. Allura ta taɓa shi, ya fusata ya bazu. Duk wanda ya ambaci asibiti a gidan nan, ni da shi ne."

Ta daka wasu saiwoyi, ta kwaɓa da man kifi, ta rinƙa shafa mini safe da yamma. Ƙullutun bai motsa ba, sai dai kyanwoyin unguwa da suka koma bin sawuna.

Yayana yana gida a lokacin, malaman jami'a na yajin aiki. Ilimin sinadaran jiki yake karantawa, ya daɗe yana neman wanda zai tsaya ya saurare shi. Ya same ni ina kuka a gindin darbejiya, ya jawo turmi ya zauna.

"Ke, bar kukan nan ki ji. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikinki akwai duba-gari, kamar Baba. Masana na ce musu yubikwitin ligas. Duk abin da ya lalace ko ya gama aikinsa sai su liƙa masa alama, masu shara su zo su niƙe shi. Da haka ƙwaya ke sanin lokacin hayayyafa da lokacin tsayawa."

"To ina kansa, dajin nan da Gwaggo ke faɗa, take shigowa, Yaya?"

"Akwai mai gadi da ke hana lalatacciyar ƙwaya yaɗuwa. In duba-gari ya zaƙe ya shafa wa mai gadin alama aka kwashe shi, ko ya kau da kai daga masu ɓarna, shi ke nan. Amma ba kasafai suke kuskure ba."

Don ya lallashe ni ya faɗa. Sai dai ya manta na san aikin Baba. Na sha ganinsa da kaki da gwangwanin jan fenti ya shafa wa rumfar tsohuwa mai ƙosai, ya wuce kwatar Alhajin da ke aiko mana da bandar kifi kamar hancinsa ya toshe. Na ce a raina, in na cikin jikina 'yan garinmu ne, ai tawa ta ƙare. Daga ranar, ko ƙaiƙayi na ji sai in hango wasu 'yan mitsi-mitsin mutane da kaki sun miƙe ƙafa a inuwa suna cin kifi, mai gadi kuma an sa shi a baro.

Tsoron nan ne ya kai ni gaban Baba, wanda bai taɓa musa wa yayarsa ba. Na durƙusa yana shan fura.

"Baba, ka taɓa yanke wa gida hukunci ba ka shiga ka duba ba?"

"Sau nawa kuma," in ji Inna daga madafi.

Baba ya harari madafin, ya ja hanci, ya dube ni. "Wannan warin da kike yi, da a gidan wani ne da tuni na shafa fenti. Ki wanke. Gobe asibiti."

A Haɗeja suka duba suka tura mu Kano. Gwaggo ta raka mu tasha tana kuka, ta riƙe hannuna ta ce mu yafi juna. A Kano aka yanka aka cire abin, ƙarfe ya taɓa shi da hujja, aka ce mu dawo in an gama auna shi. Makonnin nan ban san ɗanɗanon tuwo ba. Gwaggo kullum sai ta leƙo ta ga ko na fara kumbura.

Ranar sakamako ta ce ƙafarta ƙafata. Yaya ma ya biyo mu. Likitar mace ce mai gilashi, ko zama ban gama yi ba ta ce, "Ba kansa ba ce, ƙanwata. Ƙullutu ne da kan fito wa 'yan mata, ba ya yaɗuwa. Kin rabu da shi."

"Alhamdu lillahi!" in ji Gwaggo. "Man kifin nan ne ya kashe masa kaifi."

Ni kuwa abin da ya fito daga bakina shi ne, "Likita, wato duba-garina suna aiki?"

Ta sauke gilashi ta dube ni. Yaya ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa. Na yunƙura in tashi, hannuna kuma na same shi a kan ɗinkin, yana lalube.