Bishiyar Yaya Tanko

Ku da kuka san Yaya Tanko kun san ba ya amsa gaisuwar safe sai ya duba bishiyarsa. Ni ƙanwarsa ce ciki ɗaya, amma sau nawa na durƙusa har gwiwata ta yi tsami, shi yana can yana juya ganye yana neman tsutsa.

Wani bafatake ne ya sauka da ita gidanmu a Kafur, tana cikin fasasshiyar ƙwarya, tsawonta kamu ɗaya. Shi ma bai san sunanta ba. Ganyenta yatsu-yatsu, in kaka ta yi sai ya koma ja kamar hannun da aka cire wa lalle. Yaya ya ba da tunkiya sukutum, ya dasa ta daidai inda aka share don gina rumbu. Tun ranar mutanen gida ke neman hanyar sare ta.

Da gari ya ga irin tattalin da yake mata, aka yanke cewa magani ce. Inna Kande ta saci ganye ta jiƙa don ciwon baya, ta sha kwana uku, ba ta samu komai ba sai zaryar bayan gida. Dukawa suka gwada ta a rinin fata, fata ta fito yadda ta shiga. Wanzami ya ja Yaya gefe, ya roƙe shi ya faɗa masa asirin, daga shi sai shi.

"Kallonta ake yi," in ji Yaya.

"Sannan a yi me?"

"Sannan a tashi a tafi gona."

Wanzami ya tafi yana cewa bai taɓa ganin marowacin asiri irinsa ba.

Shekarar da rijiya ta ja baya, kowa tulu ɗaya a yini, Yaya ya kafa zana a gindinta, can yake wanka, can yake alwala, kada ɗigo ya tafi a banza. Matarsa Ladi ta ce shekara ashirin bai taɓa ɗebo mata ko moɗa ɗaya ba. Ya ce da ita ma tana yin ja da kaka, da ya duba lamarin. Kwana biyu yana cin tuwo gaya.

Bara da ya rasu, bayan sadakar arba'in, ɗansa Garba ya wasa gatari. Ni ban da ƙarfin hana shi, na zauna ina kallo. Sai ga Ladi cikin takaba, tulu a ka. Ta juye ruwan a gindin bishiyar, ta dubi ɗanta.

"Shekara talatin ina zaginta. In ka sare ta, wa zan zaga?"

Garba ya gina rumbunsa a bayan gida. Bana kuma ƙanana biyu sun tsiro a gefenta, Ladi ta kewaye su da ƙaya saboda awaki.

Allah ya jiƙan Yaya, ya sanyaya makwancinsa, ya zaunar da shi a inuwar da ganyenta ba ya kaɗewa. Amin.