Jikar Dodo

Ko yau na bi ta bakin kududdufi na ji warin ramar da aka tsuma, sai Baba Tsoho ya faɗo mini a rai. Wari ne da ba ya yi wa kowa daɗi, amma ni ina son sa, domin kakan nan nawa na wajen uba ba ya ba da labarin Barde da Dodo sai yana tufka igiya. Da hantsi zai zauna a inuwar rumbu, ya miƙe ƙafa, ya maƙale bakin igiyar a babban yatsansa, mu jikoki muna miƙa masa ramar. In wani ya ce ai ba a tatsuniya da rana, sai ya haɗe gira ya ce nasa ba tatsuniya ba ce, tarihi ne, tun Turawan da ke mulkinmu a lokacin ba su san hanyar Kano ba.

Ƙauyenmu na ƙasar Tsanyawa ne, gona na jingine da gona, ba abin da ya raba mu da ƙauyen su Innata sai burtalin shanu. A tsakiyar burtalin akwai wata tsohuwar kuka mai ƙaton tabo a gindi. Baba Tsoho ya ce a cikinta Dodo ya tare bayan ya taso daga gabas, gajere, mai ƙaton ciki, ga surutun tsiya. Ya hana kowa tsinkar ganye, har mutane suka shekara bakwai suna cin gayan tuwo. Sai Barde, kakan kakanninmu, ya saɓa gatari, suka kwana bakwai suna gwabzawa, kuma tabon nan saran ƙarshe ne. Labarin yakan ɗauke shi kwanaki, don sai ya faɗi kirarin Barde kafin kowane sara. Na lura duk sanda ya ce "gabas" Inna takan rufe baki da gefen zane ta shige ɗaki, amma na ɗauka tsoro ne.

Ni kuwa yarinya ce mai kafiya da tsinin baki. Na haddace kirarin nan tsaf, ina tafiya ina ɗaga hanci, wai ni jikar Barde.

Ina shekara tara, bayan an kai gero gida, aka tura ni gabas in taya Iya, kakata ta wajen uwa, ɓarar gyaɗa. Muna zaune a tsakar gida da 'ya'yan kawunnaina, hannu na aiki, sai suka roƙe ta labarin Barde da Dodo. Na gyara zama don in kama mata kuskure. Kukar dai ita ce, shekarun bakwai, gatarin ma shi ne. Sai dai Barden ɗan ƙauyensu ne, Dodo kuwa daga yamma ya ɓullo, dogo siriri kamar gora, da kunnuwa fato-fato, ga wushirya. Wallahi da Baba Tsoho yana wurin da ya amsa sallama, don siffarsa ce sak. Yaran suka juyo suna kallon bakina, domin ni ma wushiryar gare ni, suka tuntsire da dariya.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na miƙe na zazzage gyaɗar da ke cinyata, na ce ƙarya ne, su ne jikokin Dodo, kuma ni da abincin gidan nan har abada. Ƙarya fa na ce wa kakata, a gaban surukanta. Matan suka tsaya jiran ta sa a samo tsumagiya. Iya ko kallona ba ta yi ba, ta ce a bar ni, ciki ba ya riƙe fushi.

Na koma bayan turken awaki na zauna. Aka dama fura da azahar, na kau da kai. La'asar ta yi, aka ɗora tuwon dawa, ƙamshin daddawa ya cika gidan, hanjina na ƙugi har akuya na waiwayowa. Gida ba nisa, amma sai na bi ta gindin kukar ni kaɗai, ga shi yanzu ban san ko Dodon wa zan tarar ba. Abin da ya fi yunwar ci mini rai shi ne, in na sa hannu a akushinsu, na yarda ke nan mu ne mugayen.

Rana ta yi ja sai ga Iya da akushi, man shanu na narkewa a kan miyar kuka. Ta zauna a kan turmi ta tambaye ni ɗiyar wa ce ni ta wajen uba, na faɗa da ƙarfi. Ta ce ta wajen uwa fa, na faɗa ƙasa-ƙasa.

"To 'yar nan, ko nasu ne gaskiya ko namu, rabinki Barde ne rabinki Dodo," in ji ta. "Sai ki zaɓi rabin da zai ci tuwon, ɗayan ya kwana da yunwa."

Na so in daure, dariya ta ƙwace mini haɗe da hawaye. Na ba ta haƙuri, na wanke hannu, kuma duka rabin biyun suka ci har da suɗe akushi. Ina ci na tambaye ta tsakani da Allah daga ina Dodon ya zo.

"Ba ni nan aka yi. Abin da na sani, ya tarar da abin da Allah ya ba kowa, ya hau kai ya ce nasa ne. Shi ke nan laifinsa, kuma ya isa."

Da na koma gida na kai wa Baba Tsoho ƙara, ina zaton zai ɗauki sanda ya tsallaka burtali. Ya yi dariya har igiyar ta kuɓuce masa, ya ce in dai Dodon nasu mai wushirya ne, ashe kyakkyawa suka samu. Ya aike ni da sabuwar igiyar guga in kai wa Iya, wai tukwicin zagi.

Yanzu an nome burtalin, gidaje sun haɗe, baƙo ba zai ce ƙauyuka biyu ne ba. Jikokina sun cika mini ɗaki, uwar wannan 'yar Bagwai, ta wancan 'yar Tofa, wata ma daga nesa aka auro ta. Ina ba su labarin da kirarinsa duka, suna ta naci in faɗa musu garin su Dodo. Har yau ban faɗa ba, domin duk inda na nuna da yatsa, akwai kakar ɗayansu a can.